ƘAWA TA GARI: Gargaɗi ga 'Yan Mata Masu-bin Yesu Kristi

Ya ke ƙanwata cikin Ubangiji, ke da kin ba da gaskiya kwanan nan, da ke kuma da ki ke zuwa ajin masu neman sani, ba ki yanke shawara ba tukuna. Dominki aka rubuta wannan 'yar takarda. Idan ba ki iya karatu ba tukuna, ki roƙi wata ta karanta miki a hankali sa'anda aikin yini ya ƙare.

Akwai tambaya wadda yarinya ta kan yi cikin zuciyarta, ko da shi ke ba ta faɗinta a gaban mutane: Idan na bi wannan hanya, da wa zan tafi rijiya? Wa za ta yi mini kitso? Wa za ta zauna kusa da ni ran aurena? Kada kowa ya rena wannan tambaya, gama mai nauyi ce. A ƙasarmu ta arewacin Kano, daga Dawakin Tofa har Bichi, daga Minjibir har Dambatta da Kunchi, gida yana kusa da gida, gona tana jingine da gona, da wuya mutum ya tsaya bai hangi rumbun wani ba. A wuri irin wannan zaman kaɗaici azaba ne, halin mutum kuma ba shi ɓoyuwa. Masu-bi kuwa kaɗan ne a cikin jama'a mai yawa. Tun shekara ta 1932 a ke da Littafi Mai-tsarki dukansa da Hausa, amma yawancin maƙwabtanki ba za su buɗe shi ba. Halinki za su duba, su ce haka masu-bin Yesu su ke. Sabada haka ya wajaba ki san yadda za ki zama ƙawa ta gari.

1. Ƙawance a wurinmu, da abin da Yesu ya ƙara a kai

Ƙawance tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa, mai kyau ce kuwa. Yarinya ta kan zaɓi wata tsararta, su yi talla tare, su yi surfe da daka tare, su fita dandali tare da farin wata. Ran aure akwai babbar ƙawa, wadda ba ta rabuwa da amarya har a kai ta ɗakinta. Akwai kuma biki tsakaninsu: idan ta kawo miki naira dubu ran sunan ɗanki, ke ki kai mata dubu biyu ran nata, hakanan a yi ta ninkawa har nauyin ya yi yawa, kāna a rage. Bishara ba ta zo domin ta rushe wannan ba. Amma ki duba inda rauninsa ya ke. Idan ɗaya ta talauce, ta kasa ramawa, sau da yawa ƙawancen ya kan mutu a nan, gama an riƙe shi kamar rance, ana lissafinsa kamar adashi.

Ubangijinmu ya koyar da wata hanya. Cikin Bishara ta hannun Luka, sura 14, ya gargaɗi mai gida da ya kira shi cin abinci, cewa ya riƙa kiran matalauta da guragu da makafi, waɗanda ba su da abin ramawa, ya bar ladansa ga Allah. Cikin Yohanna, sura 15, a daren da aka bashe shi, ya kira almajiransa abokansa, ya nuna musu iyakar ƙauna ita ce mutum ya ba da ransa sabada abokansa. Da gari ya waye ya aikata abin da ya faɗi. Ki tuna fa ko su wane ne waɗannan abokai: a wannan dare suka gudu suka bar shi, Bitrus kuma ya yi musun saninsa har sau uku. Shi ne ya fara bayarwa, ya kuwa ba waɗanda ba su iya ninka masa.

Wannan shi ne tushen dukan abin da za ya biyo baya. Ke da aka ƙaunace ki tun ba ki da abin biya, ki ƙaunaci ƙawarki ba da lissafi ba. Ki yi biki gwargwadon ƙarfinki, kada ki ci bashi domin a yabe ki. Idan nata hannun ya gaza, ki karɓi kaɗan ɗin da ta kawo da fara'a, ki rufa mata asiri a gaban mata.

2. Gawo da ƙuduji

Ki fita gonar ubanki ki ɗauki koyarwa daga abu biyu. Na fari gawo. Da damina, sa'anda kowane itace ya ke alfarma da ganye, gawo ya kan zubar da nasa, ya bar rana ta sauko wa gero, ganyen da ya zuba kuma ya zama taki; shi ya sa hatsin da ke gindinsa ya kan fi na nesa kyau. Da rani kuwa, sa'anda ƙasa ta bushe, sai ya yi ganye, ya ba da inuwa ga mai tafiya, 'ya'yansa su zama abincin awaki da shanu. Haka ƙawa ta gari ta ke. Ran daɗinki ba ta tare miki haske da kishi; ran wahalarki a nan ne a ke ganin inuwarta.

Na biyu ƙuduji, wanda waɗansu ke ce da shi wuta-wuta. Irinsa ƙanƙane ne kamar ƙura, ya kan kwanta cikin ƙasa shekaru da yawa yana jira. Sa'anda dawa ko gero ya tsiro, sai ya kama saiwarsa a ɓoye, ya yi ta shan ruwan jikinsa tun ba a gan shi a fili ba. Daga bisani ya fito da fure mai kyaun gani, hatsin kuwa ya riga ya tsumbure. Akwai ƙawance irin wannan: bakinta zaƙi, adonta kyau, amma tun da ki ka haɗu da ita addu'arki ta yi sanyi, kin koyi yi wa uwarki ƙarya, kin fara rena tuwon gidanku. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Manomi mai hankali ya kan tuge ƙuduji tun bai zubar da iri ba.

Amma kada ki yi saurin cewa wance ce ƙuduji. Ki fara tambayar kanki: ni fa, wanne ne a cikin gonar ƙawata? Tun da ta san ni, ta ƙaru ko ta rage?

3. Ƙawa ta gari ta kan riƙe asiri

Abin da ya fi kashe ƙawance a garuruwanmu harshe ne. Yaƙub, cikin sura 3 ta wasiƙarsa, ya kwatanta harshe da 'yar wuta wadda ta isa ta cinye babban kurmi. Ke da ki ka taɓa ganin gobara da hunturu, sa'anda iska ta ɗauki tartsatsi daga murhu ɗaya ta cinye dangar gida biyar da rumbunansu, kin san ma'anar wannan. Magana zarar bunu ce. In ta fita ba ta komawa.

Sa'anda ƙawarki ta gaya miki abin da ke cikin zuciyarta, ko na saurayi, ko na rashin abinci a gidansu, ko na faɗan iyayenta, amana ce ta ajiye a hannunki. Kada ki kai ta bakin rijiya. Kada kuma ki kai ta wurin taron addu'a da sunan roƙo dominta, gama tsegumi tsegumi ne ko an sa masa rigar ibada. Idan wata ta zo miki da zancen ƙawarki a bayan idonta, ki ce mata: mu je mu faɗa a gabanta. Za ki ga zancen ya mutu nan take.

A zamanin kakanninmu tsegumi da ƙafa ya ke tafiya. Tun shekara ta 2001, da wayar hannu ta bazu a ƙasarmu, ya sami fukafukai. Magana ko hoto da aka tura daga Makoda da safe, kafin azahar ya kai Legas, ba mai iya komo da shi. Sabada haka kada ki tura hoton ƙawarki ko muryarta ga kowa sai da yardarta, kada ki rubuta a kanta abin da ba za ki iya faɗi kina duban idonta ba.

Abu ɗaya ne ba a rufewa. Idan ta gaya miki wani yana cutarta a ɓoye, ko tana shirin gudu da wanda ya ruɗe ta da alkawarin aiki a birni, ko tana nufin ta yi wa kanta lahani, to, ki gaya mata a fili ba za ki iya yin shiru ba, ki kama hannunta ku tafi wurin uwarta, ko matar pasto, ko wata dattijuwa mai amana. Gara ta yi fushi da ke wata ɗaya da ki yi kukanta har abada.

4. Ƙawa ta gari ta kan tsaya ran wahala

Ki karanta Littafin Rut. Surori huɗu ne kaɗai. Yunwa ta kori Na'omi da mijinta da 'ya'yansu biyu daga Baitalahmi zuwa ƙasar Mowab, kamar yadda farin shekara ta 1973 ya kori mutane da yawa daga gonakinsu a ƙasashen nan namu. A can mijinta ya mutu. Bayan wajen shekara goma 'ya'yan kuma suka mutu, aka bar ta da surukanta biyu, Orfa da Rut. Na'omi ba ta da gona a hannu, ba ta da ɗa da za ta ba su. Orfa ta yi kuka, ta yi sallama, ta koma gidansu. Rut kuwa ta ƙi rabuwa da ita. Ta bar ƙasarta da danginta, ta bi tsohuwa matalauciya zuwa baƙuwar ƙasa, ta shiga kala a bayan masu girbin sha'ir tun safe har yamma domin su ci su biyu. Ba abin da ta hanga za ta samu. Allah kuwa ya gani: ta haifi Obida, kakan sarki Dawuda, sunanta kuma yana cikin asalin Yesu Kristi a farkon Bishara ta hannun Matta.

Wahalar da ta fi ciwo ita ce wadda ta ke kore mutane. A dā babu kamar kuturta. A shekara ta 1937 mishan ta Sudan Interior Mission ta ɗauki aikin jinyar masu wannan ciwo a lardunan Kano da Katsina da Sakkwato. Asibitin Yadakunya da ke ƙasar Ungogo daga wannan aiki ya ke. Mutane da yawa a irin waɗannan wurare suka fara jin bishara, suka kuwa gaskata ta domin sun ga hannun da bai ƙi taɓa su ba. Yau ciwon yana warkewa da ƙwayoyin da a ke sha wata shida ko wata goma sha biyu, tun 1995 kuma kyauta a ke ba da su. Wanda ya soma shansu ba shi ƙara sa wa wani. Wane dalili ya rage miki fa da za ki guji yarinyar da tabo ya fito mata?

Akwai kuma yoyon fitsari, wanda doguwar naƙuda ke jawowa, sa'anda kan jariri ya daɗe yana danne mafitsara. Sau da yawa yarinya ce ƙarama, ta rasa ɗan, miji ya sake ta, aka ware mata ɗaki a bayan gida, ƙawayen da suka yi mata guɗa bara ba mai leƙo ta. Ki sani ba la'ana ba ce, ba kuwa hukuncin zunubi ba. Rauni ne, likitoci kuma suna ɗinke shi a Asibitin Murtala cikin birnin Kano, da Babbar Ruga ta Katsina. Ki shiga ɗakinta. Ki kai mata ruwa da sabulu, ki yi mata kitso, ki ci abinci tare da ita cikin kwano ɗaya, ki roƙi iyayenta su kai ta magani. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Kada ki ce ba ki san abin da za ki faɗa ba. Abokan Ayuba uku sun zauna tare da shi a ƙasa kwana bakwai, ba wanda ya ce uffan, wannan ne kuwa mafi kyaun abin da suka yi. Da suka buɗe baki suna neman laifinsa, sai suka ƙara masa ciwo, har Allah ya tsauta musu. Zumunta a ƙafa ta ke. Ki tafi, ki zauna, ki ɗauki tulunta ki ɗebo ruwa.

5. Ƙawa ta gari ta kan faɗi gaskiya, ta kan nemi sulhu

Yahuda da sumba ya ba da Ubangijinsa. Ba kowace fara'a ce ƙauna ba. Wadda ta ke yaba miki a cikin kowane abu, ko ba ta damu da ke ba, ko tana neman wani abu a hannunki. Idan ƙawarki ta ce ki raka ta wurin boka neman farin jini, ko ki zama 'yar aike tsakaninta da mijin wata, ko ki ce wa uwarta a gidanku ta kwana alhali ba haka ba ne, ki ƙi. Ki ƙi da taushin murya, ki faɗa mata dalili, kada kuwa ki yar da ita sabada ta roƙa. Gaskiya ɗaci gare ta, amma maɗaci ma magani ne.

Ubangiji ya ba mu hanya cikin Matta, sura 18: wanda aka yi wa laifi ya fara zuwa wurin mai laifin, su biyu kaɗai, in bai ji ba, kāna ya ɗauki mutum ɗaya ko biyu. Mu kuwa mu kan juya abin: mu gaya wa gari duka, mai laifin ce ta ƙarshen ji. Ki bi tsarin Ubangiji. Ki zaɓi lokacin da ba kowa, ki fara da addu'a cikin zuciyarki, ki yi magana kamar mai cire ƙaya daga ƙafar 'yar'uwarta. Idan kuwa ke aka tsauta wa, ki saurara har ƙarshe.

Gaba tsakanin 'yan mata biyu ba ƙaramin abu ba ne. A Filibi akwai mata biyu, Afodiya da Sintiki, waɗanda suka yi wahala tare da Bulus cikin aikin bishara, daga baya suka saɓa. Labarin ya kai ga manzon yana cikin sarƙa, har ya kira sunayensu cikin wasiƙarsa, sura 4, yana roƙonsu su shirya. A ƙaramar ekklesiya ta ƙauye, inda masu sujada ba su cika ɗaki ɗaya ba, idan biyu ba su gaisawa, kowa ya sani, na waje kuma suna kallo. Kada ki jira ta fara zuwa. Ki riga ta gaisuwa, gama Ubangijinki ya riga ki.

6. Ƙawayenki na dā

Yanzu mu koma ga tambayar farko. Yawancin ƙawayenki Musulmi ne, waɗansu kuma 'ya'yan gidajen da ke riƙe da al'adun kakanni. Za ki rabu da su? A'a. Wanda ya koya miki ki rena su bai koya miki hanyar Yesu ba, gama shi ya zauna a bakin rijiya ya roƙi ruwa a hannun Basamariya, wadda mutanensa ba su cuɗanya da nata. Ki ci gaba da gaishe su. Ki yi musu barka da salla, ki je suna, ki je gaisuwar mutuwa, ran Kirsimati ki kai musu abinci. Kada ki yi ba'a ga sallarsu ko azuminsu, kada ki shiga gardamar addini a dandali. Idan sun tambaye ki dalilin bangaskiyarki, ki amsa da ladabi gwargwadon abin da ki ka sani. Kada ki maida ƙawance tarko. Ki ƙaunace ta ko ta karɓi maganarki ko ba ta karɓa ba.

Ki tuna da yarinyar nan ta Littafin Sarakuna na Biyu, sura 5, wadda mahara suka kamo daga ƙasar Isra'ila ta zama baiwar matar Na'aman, sarkin yaƙin Suriya. Ita kaɗai ce mai bautar Ubangiji a gidan, tana kuwa da dalilin ƙiyayya. Amma da ta ga ciwon maigidanta, ta nuna inda za ya sami warkewa, ya tafi wurin annabi Elisha, ya yi wanka sau bakwai cikin Urdun, ya tsarkaka. Ba a rubuta sunanta ba, amma maganarta ɗaya ta alheri ba ta faɗi ƙasa banza ba.

Ba zan ɓoye miki ba, wataƙila waɗansu za su janye jiki, ko domin tsoron iyayensu, ko domin abin da mutane za su ce. Zai yi miki zafi. Kada ki rama, kada ki rufe ƙofa. Ran da ciwo ko rashi ya same ta, ki zama ta fari da za ta iso. Wanda abokansa suka gudu suka bari ya san wannan zafi, ba kuwa za ya bar ki ba.

7. Magana ga iyayenmu mata

Ku iyayenmu mata na Zumunta, icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Yarinya ba ta koyon riƙon amana daga wa'azi kaɗai. A gindin turmi ta ke koyonsa, tana jin yadda ku ke zancen maƙwabciya sa'anda ta juya baya. Ku san ƙawayen 'ya'yanku, ku kira su cikin gida, ku ba su abinci. Muna da al'adar ƙanwar rana, inda babbar mace ta kan ɗauki ƙarama wadda ba danginta ba ta riƙa kula da ita. Ku raya ta cikin ekklesiya. Sa'anda Maryamu ta karɓi saƙon mala'ika, wurin Alisabatu tsohuwa ta yi hanzarin tafiya, ta zauna da ita wajen wata uku. Kowace yarinya da ta tuba, balle wadda danginta suka juya mata baya, tana bukatar ɗakin da za ta shiga haka.

Tambayoyi domin gwada kai

Akwai asirin wata da na fitar? Akwai wadda na daina zuwa wurinta tun da ta talauce ko ta yi ciwo? Akwai wadda ba mu gaisawa? Akwai gaskiyar da na ji tsoron faɗa wa ƙawata? Ki zaɓi ɗaya daga cikin waɗannan, ki gyara shi kafin Lahadi mai zuwa.

Addu'a

Ya Ubangiji Yesu, kai da ka kira masu zunubi abokanka, ka ba da ranka dominsu, ka koya mini ƙauna irin taka. Ka tsare bakina daga tsegumi, ka ƙarfafa ƙafata zuwa ɗakin mai wahala, ka ba ni zuciyar faɗin gaskiya da ta neman sulhu. Ka sa wa ƙawayena albarka, waɗanda sun san ka da waɗanda ba su san ka ba tukuna. Amin.